Wanda Yake Kan Gwaji Ma Ma'aikaci Ne

Ran Lahadi ta farko bayan Sabuwar Shekara, da aka tashi daga sujada, wata dattijuwa daga cikin zumuntar mata ta tsaya a bakin ƙofar majami'a tana jiranmu, ɗanta kuwa yana bayanta ya sunkuyar da kai. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Malam, ina so ka duba mini maganar yaron nan, gama ni ta fi ƙarfina." Muka ce, "Mama, zauna tukuna mu ji."

Ga yadda maganar take. Tun watan Agusta aka ɗauki yaron aiki a wani babban kanti a cikin gari, aka ce masa zai yi gwaji na wata uku, in ya yi kyau a tabbatar da shi. Ba a ba shi ko guntun takarda ba, magana ce ta baka kawai. Wata ukun suka cika a Nuwamba, ba wanda ya ce masa uffan. Da Disamba ta kama ciniki ya buɗe, shi da abokan aikinsa suna fita tun da sassafe, ba sa komawa gida sai dare ya yi nisa, suna sauke kaya daga mota, suna jerawa, suna ɗaukar wa masu saye. Ana saura kwana biyu Kirsimeti aka raba wa ma'aikata garabasar ƙarshen shekara, watau ambulan mai ɗauke da albashin wata guda, da ƙaramin buhun shinkafa. Shi da sauran sababbi suna tsaye suna kallo, aka ce musu su ba su shiga lissafi ba tukuna. Da aka koma aiki kuma sai aka sanar da su an ƙara musu wata uku na gwaji, ba tare da an faɗi laifin kowa ba. Uwar ta dube mu ta ce, "Malam, haka doka ta ce, ko kuwa don ba mu da kowa ne?"

Wannan tambaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin mun san ba gidan wannan uwa kaɗai abin ya taɓa ba. 'Ya'yanmu da yawa suna aiki a gidajen mai, da gidajen burodi, da masana'antun ruwan leda, da otal-otal, da makarantun kuɗi, da asibitoci masu zaman kansu, kusan kowannensu kuwa da kalmar nan ta gwaji aka karɓe shi. Ra'ayinmu dai shi ne, wanda yake kan gwaji ma'aikaci ne tun daga ranar da ya soma aiki, yana da hakkoki waɗanda ba sa jiran takardar tabbatarwa, kuma in ana rabon garabasar da gumin kowa ya kawo, ya kamata a ba shi gwargwadon watannin da ya yi.

Mu fara da ba mai gaskiya gaskiyarsa. Gwaji kansa ba zalunci ba ne. Mai kanti ko mai makaranta ba ya iya sanin halin mutum daga takardar shaidar karatu ko daga hirar rabin sa'a. Sai an zauna tare ake sanin wanda yake zuwa a kan lokaci, da wanda za a iya bar wa makullin sito, da wanda yake iya haƙuri da masu saye. Shi ma sabon ma'aikaci a wannan lokaci ne yake auna ko wurin ya dace da shi. A aikin gwamnatin tarayya ƙa'ida ta sa sabon ma'aikaci ya yi shekara biyu kafin a tabbatar da shi, a kamfanoni kuwa an saba da wata uku ko wata shida. Kotuna ma sun yarda da wannan. A 1990, a shari'ar Ihezukwu da Jami'ar Jos, Kotun Ƙoli ta nuna cewa mai ɗaukar aiki yana da ikon sallamar wanda yake kan gwaji tun kafin lokacin ya cika, muddin ya bi sharuɗɗan da aka ƙulla. Saboda haka kada wani matashi ya ɗauka cewa da an ce masa wata shida, lalle sai ya cika wata shidan nan ko da me ya yi.

Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1974, ba ta raba ma'aikata gida biyu ta ce ga tabbatattu masu hakki, ga masu gwaji marasa hakki ba. Gwaji sharaɗi ne da ake sawa cikin yarjejeniya tsakanin mutum biyu, ba ya kuwa shafe abin da doka ta riga ta bayar. Bari mu jera su, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Na farko, takarda. Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayani kafin wata uku su wuce daga ranar da ya soma. A ciki dole a rubuta irin aikin, da yawan albashi da lokacin biya, da sa'o'in aiki, da hutu, da abin da za a yi in ya yi rashin lafiya, da tsawon notis ɗin da kowane ɓangare zai bayar in za a rabu. Yaron da muka ambata ya shiga wata na biyar ba shi da kome a hannu, a nan kuwa an riga an taka doka tun kafin a zo maganar shinkafa.

Na biyu, albashi. Doka ba ta yarda a bar ma'aikaci ya wuce wata guda ba a biya shi ba. Babu wani abu wai shi gwajin kyauta, inda za a ce wa mutum ya yi wata ɗaya tukuna a gani. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, ba ta kuwa cire masu gwaji ba. Sai dai a lura, dokar nan ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da masu karɓar kamasho, da masu aikin damina ba.

Na uku, yankan albashi. Sashe na 5 ya hana a ci ma'aikaci tara daga albashinsa. In kuwa ya yi ɓarna da gangan ko ta wurin sakaci, ba za a cire kuɗin ba sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, duk abin da za a cire a wata ɗaya kuma ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. 'Yan matanmu masu sayar da mai, waɗanda akan cire musu kuɗin giɓi har albashin ya kusa ƙarewa, su riƙe wannan da kyau.

Na huɗu, lafiya da rauni. Ma'aikacin da ya kwanta ciwo, likita kuma ya ba shi takarda, yana da hakkin a biya shi har kwana 12 na aiki a cikin shekara. In kuwa a bakin aiki ya ji rauni, injin ya kama masa hannu ko kaya suka faɗo masa, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta rufe shi, gama ta ambaci har masu aikin wucin gadi da masu koyon sana'a. Mai ɗaukar aiki ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Abin da ake bukata daga wanda ya ji rauni, ko danginsa, shi ne a sanar da shugabannin wurin aiki cikin kwana 14.

Na biyar, fansho. Bisa dokar fansho ta 2014, a kamfanin da yake da ma'aikata 15 ko fiye, mai kamfani yana zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8, a kai kuɗin asusunsa cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Dokar ba ta ce a jira sai an tabbatar da mutum ba.

Na shida, mata masu juna biyu. Sashe na 54 ya ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. Rabin albashi ne doka ta ce a biya ta aƙalla, in ta yi wata shida a jere tana aiki a wurin. Ga shi a fili, watannin da ta yi ne ake ƙirgawa, ko an tabbatar da ita ko ba a tabbatar ba.

Na bakwai, sallama. Sashe na 11 ya ce in mutum bai wuce wata uku ba, notis ɗin kwana ɗaya ya isa. In ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya ne, a rubuce. Daga shekara biyu zuwa biyar mako biyu, daga shekara biyar zuwa sama wata guda. In takardar aiki ta ba da lokacin da ya fi wannan tsawo, ita za a bi. Ana iya biyan kuɗi a maimakon notis, kuma dole a biya mutum dukan albashin da ya yi wa aiki kafin notis ɗin ya ƙare. Har wa yau, doka ta hana a kori mutum ko a ƙi ɗaukarsa don ya shiga ƙungiyar ƙwadago.

Akwai wata iyaka da ya kamata mu faɗa, don kada wani ya tafi da rabin magana. Dokar Ƙwadago ta fi duban masu aikin ƙarfi da akawuna. Manajoji da ƙwararru, irin su injiniyoyi da likitoci, ba su shiga cikin ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci ba. Su abin da yake riƙe da su shi ne takardar yarjejeniyarsu, da littafin ƙa'idodin wurin aiki, da kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Dokar diyya da ta fansho kuwa sun shafi kowa, babba da yaro.

To, yanzu sai maganar garabasa, wadda wasu suke kira bonas, wasu kuma albashin wata na goma sha uku. A nan dole mu gaya wa uwar nan abin da ba zai yi mata daɗi ba. Babu wata doka a Nijeriya da ta tilasta wa mai ɗaukar aiki ya ba da garabasar ƙarshen shekara. Ko mutum yana da hakki a kanta ko ba shi da shi, ya danganta ga irin garabasar, iri uku ne kuwa.

Akwai wadda aka rubuta cikin takardar ɗaukar aiki, ko cikin littafin ƙa'idodi, ko cikin yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar ma'aikata aka kuma shigar da ita cikin sharuɗɗan aiki. Wannan ta zama bashi. In an rubuta cewa dukan ma'aikata za su samu, ba a ware kowa ba, to mai gwaji yana da bakin magana. In kuwa an rubuta cewa sai tabbatattu, ko sai wanda ya cika shekara, ya kuma sa hannu a kan haka, da wuya ya yi nasara a gaban alƙali.

Akwai wadda aka ɗaura a kan aiki, kamar a ce duk wanda ya sayar da kaya na kaza zai sami kaza. Wannan lada ce, sunan garabasa kawai aka sa mata. Wanda ya cika sharaɗi ya ci kuɗinsa, ko jiya ya zo. Wanda ya riƙe irin wannan kuɗi da hujjar gwaji, hakkin mutum ya ci, ba wani suna da za a ba abin.

Akwai kuma wadda mai gida yake bayarwa don ganin dama, bana ya ba da, baɗi ya hana. Wannan ita ce ta fi yawa a wurarenmu, ita ce kuma doka ba ta cika sa baki a kanta ba. A nan ne muke so mu yi magana da masu ɗaukar aiki, musamman waɗanda muke zama da su a benci ɗaya ran Lahadi.

Me ya sa ake ba da garabasa a Disamba? Domin shekara ta yi albarka, ciniki ya tafi daidai, ana so a ce wa ma'aikata sannu da ƙoƙari. To, cinikin Disamban nan wa ya ɗauke shi a ka? Kowa ya san sababbi ne ake turawa wurin aikin da ya fi wuya, su ne ba sa iya cewa sun gaji, gama suna tsoron kada a ce ba su ci gwaji ba. In aka zo rabo aka tsallake su, an koya musu tun da wuri cewa a wannan gida ƙoƙari ba ya biya. Wanda aka koya wa haka a watansa na huɗu, kada a yi mamaki in ya zama mai ha'inci a shekararsa ta huɗu.

Ba mu ce a ba wanda ya zo a Agusta daidai da wanda ya fara tun Janairu ba. Lissafin mai sauƙi ne. A raba garabasar gida 12, a ba kowa gwargwadon watanninsa. A misali, in albashin mutum naira 90,000 ne, garabasar kuma albashin wata guda ce, wanda ya yi wata huɗu zai sami naira 30,000, wanda ya cika shekara ya sami 90,000 ɗinsa cif. Tsohon ma'aikaci bai rasa kome ba, sabo kuma ya koma gida da abin da zai nuna wa uwarsa. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A ƙasar Filifin, tun 1975 doka ta wajabta biyan albashin wata na goma sha uku, ana lissafa shi a kan kashi ɗaya cikin 12 na ainihin albashin da mutum ya samu a shekarar, ana biya kafin 24 ga Disamba ta wuce, kuma duk ƙaramin ma'aikacin da ya yi ko wata ɗaya ne yana samu, har da mai gwaji. Abin da doka ta sa su yi a can, mu ma muna iya yinsa a nan don sanin ya kamata.

Mun san abin da masu kamfani za su ce, mun kuwa ji shi daga bakin wasu 'yan'uwa masu gaskiya. Za su ce garabasa ladan daɗewa ce, in aka ba sabo zai karɓa ya gudu a Janairu. Za su kuma ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin dizal da na sufuri da na haya sun hau, da ƙyar ake biyan albashi ma, balle ƙari. Duka biyu akwai gaskiya a ciki. Amma ga ta farko muna cewa, rabon da aka yi bisa watanni ya riga ya girmama daɗewa, tun da wanda ya daɗe shi ya fi samu. In kuma ana tsoron gudu, ana iya rubutawa tun farko cewa rabon mai gwaji za a ajiye masa, a ba shi ranar da aka tabbatar da shi. Ga ta biyu kuwa muna cewa, in tukunya ƙarama ce a rage wa kowa, a faɗa wa ma'aikata gaskiyar halin da ake ciki. Mutane suna iya haƙuri da kaɗan. Abin da yake cin rai shi ne mutum ya tsaya yana kallo ana miƙa wa na kusa da shi, alhali tare suka kwana suna sauke kaya. In ma mai gida ya ƙudura ba zai ba masu gwaji ba, to ya rubuta haka a takarda tun ranar ɗauka, don kada mutum ya sa rai har ya ci bashin Kirsimeti a kan abin da ba zai zo ba.

Amma abin da ya fi rashin garabasa muni shi ne gwajin da ba shi da ranar ƙarewa. Wata uku su zama shida, shida su zama shekara, mutum yana nan a rataye, ba ƙarin albashi, ba hutu, ba fansho, kullum ana ce masa ya ƙara haƙuri manaja bai sa hannu ba. Wasu wuraren ma sun mai da shi dabara: a ɗauki matasa, in lokacin tabbatarwa ya kusa a sallame su, a ɗauko wasu. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta yarda a yi wa masu gwaji wani tsari dabam, amma da sharaɗi biyu: a yanke tsawon lokacin tun farko, kuma ya zama mai ma'ana. Nijeriya ba ta rattaba hannu ta karɓi wannan yarjejeniya ba, amma gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma la'akari da kyawawan ƙa'idodin duniya. Tun kafin wannan ma, a 1991, a shari'ar Jami'ar Obafemi Awolowo da Onabanjo, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa in lokacin gwaji ya cika aka bar mutum ya ci gaba da aiki ana biyansa ba a ce masa kome ba, ana iya ɗauka an tabbatar da shi ke nan. Kowace shari'a da yadda takardunta suke, amma darasin a fili yake: shirun mai gida ba kullum yake zama a kan ma'aikaci ba. Sai dai wanda ba shi da takardar da ta nuna ranar da ya fara da tsawon gwajinsa, da me zai kafa hujja?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ikkilisiya ma mai ɗaukar aiki ce. Muna da makarantu, da ɗakunan shan magani, da gidajen baƙi, da kantunan littattafai. Muna da masu gadi, da direbobi, da masu shara, da akawuna. Mu tambayi kanmu, nawa ne a cikinsu suke da takardar ɗaukar aiki? Nawa ne aka ce musu gwaji ne, kwamiti ya canja sau biyu, ba wanda ya tuna da su? Mun saba da cewa aikin Ubangiji ne, a yi haƙuri. Gaskiya ne akwai hidimar sa kai, wanda ya ba da lokacinsa da yardar ransa Allah ya sāka masa. Amma malamar da aka ɗauka da alkawarin albashi, tana biyan haya, tana sayen garin masara a kasuwa ɗaya da kowa, ma'aikaciya ce, doka kuma ba ta ware ikkilisiya ba. Dukanmu mun san labarin Yakubu a gidan Laban, yadda aka yi ta juya masa lada har sau goma, ba mu taɓa jin mai wa'azin da ya yabi Laban ba. Muna roƙon dattawa da kwamitocin makarantu, a taronsu na gaba su ɗauko sunayen ma'aikata ɗaya ɗaya, su duba ranar da kowa ya fara. Wanda lokacinsa ya cika a tabbatar da shi a rubuce. Wanda bai gamsar ba a kira shi a gaya masa inda ya gaza, a ba shi ƙayyadadden lokaci ya gyara. In kuma za a yi rabon Kirsimeti, a sa sunan kowa a takarda.

Ku kuma matasa, ga namu gare ku. Mun san aiki ya yi wuya, wanda ya daɗe yana yawo da takardu ba ya son yin tambayar da za ta sa a ce ya cika baki. Duk da haka rigakafi ya fi magani. Kafin ku fara, ku tambaya cikin ladabi: gwajin wata nawa ne, wa zai auna ni, da me za a auna ni, nawa ne albashi yanzu, nawa ne bayan tabbatarwa, akwai garabasa, su wa take shafa? Ku karanta kowace takarda kafin ku sa hannu, in Turancin ya yi nauyi ku kai wa wanda ya iya, ku kuma riƙe kwafi a gida. Ku ajiye shaidar kowane biya, ko saƙon banki ne a waya. In lokacin gwaji ya cika ba a ce kome ba, ku rubuta gajeriyar wasiƙa mai kwanan wata, ku tuna wa shugabanni, ku nemi a sa muku hannu a kwafinku. In abin ya ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi, inda jami'ai suke kiran ɓangarori biyu su sasanta. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba a biyan kuɗi kafin ta saurari mutum. Daga ƙarshe akwai Kotun Ma'aikata, tana zama a Abuja, da Kaduna, da Kano, da Jos, da wasu biranen. Kada fushi ya sa wani ya ɗauki kayan kanti ya ce ya biya kansa, gama wannan zai mai da mai gaskiya ɓarawo. Ku ma ku cika naku: ku zo a kan lokaci, ku riƙe amana, in kuma za ku bar aiki ku ba da notis yadda aka yi alkawari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Amsar da muka ba uwar nan ita ce, a kan shinkafa da ambulan, doka ba ta tilasta wa mai kanti ba, sai in akwai inda aka rubuta. A kan rashin takarda kuwa, da ƙarin gwajin da ba a faɗi dalilinsa ba, ɗanta yana da abin faɗa. Muka zauna da yaron a ofishin ikkilisiya, muka rubuta wasiƙa ta layi shida, ba zagi ba barazana, yana neman takardar ɗaukar aiki da ranar da gwajinsa zai ƙare. Ran Litinin ya kai, aka karɓa, aka sa masa hannu a kwafinsa. Har lokacin da muke wannan rubutu yana jiran amsa, yana kuma zuwa aiki kullum da sassafe.

Masu kantin da yake aiki ba 'yan ikkilisiyarmu ba ne, watakila ba za su taɓa ganin wannan shafi ba. Amma a cikin masu karatu akwai masu gidajen burodi, da masu makarantu, da manajoji, da 'yan kwamiti, waɗanda wani ɗan mutum yake ƙarƙashinsu yau yana jiran kalma ɗaya daga bakinsu. Ku duba takardunsa a makon nan. Allah ya ba mu ikon yin adalci, amin.